Rana ta arba'in da ɗaya

Ina da maƙwabci a Nima, unguwarmu a Ankara babban birnin Ghana, wanda ba ya wuni a unguwa ranar babbar Sallah. Yana zuwa idi tare da mu, a gaisa, a yi barka da Sallah, amma da zarar an yanka raguna, yara sun fara haɗa wuta don babbakar kai da ƙafa, sai ka neme shi ka rasa. Mota yake shiga ya tafi bakin teku ya zauna har magariba. Mun yi shekaru muna yi masa fassara. Wasu suka ce baƙin hali ne, wasu suka ce kunya yake ji don ba kowace shekara yake samun abin layya ba. Sai wani dare da muka daɗe a gindin butar ataya, kowa ya watse ya bar mu mu biyu, ya ce mini, "Malam, ƙaurin nan ne ba na iya shaƙa."

A daren Laraba, 3 ga Yuni 2015, shi yaron mota ne, kuma motarsu ta maƙale cikin ruwa a Kwame Nkrumah Circle. Duk wanda yake Ankara a lokacin ya san sauran. Ruwan sama ya ƙi tsayawa, kogin Odaw ya cika ya batse, jama'a suka fake a gidan man GOIL, fetur ya malalo a saman ruwa, wuta ta kama. Fiye da mutum 150 suka rasu. Shi yana tsallaken titi, ruwa iya ƙugu, yana ji yana gani ba damar matsawa. Da gari ya waye yana cikin samarin da suka riƙa ɗora gawawwaki a bayan mota. Ya dawo gida da hantsi, ko ƙwarzane babu a jikinsa, muka taru a kansa muna cewa barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Tsohuwarsa ta yi sadakar masa. Iyakar abin da ya samu daga gare mu ke nan, domin a lissafinmu bai yi asarar komai ba.

Bai ƙara aikin mota ba. Ya gwada, amma duk lokacin da direba ya karya kan mota zai shiga gidan mai, sai gumi ya keto masa, ƙirjinsa ya riƙa dukan tara-tara. Yau kayan waya yake sayarwa a kan tebur. In hadari ya haɗu da dare, ba ya runtsawa.

Kafin in ce komai a kan gazawarmu, bari in faɗi abin da muka iya, don ba ƙarami ba ne. Ban san wata al'umma a wannan birni da ta fi mutanen zango saurin taruwa a kan wanda masifa ta faɗa wa ba. Kafin motar kashe gobara ta gama ratsa lungu, samari sun yi layi da bokitai. Kafin a sallame sallar asuba, ladan ya sanar, an shimfiɗa tabarma, an buɗe littafin gudummawa. Mata sun ɗora manyan tukwane, gidan da aka yi rashi ba za su hura wuta ba. Magajiya ta aika wa 'yan ƙungiya, masu adashi sun ce a ba ta kwasar wannan wata ko da ba layinta ba ne. Ɗan'uwa da yake Jamus ko Amurka ya turo kuɗi ta waya kafin azahar. Wanda ruwa ya cinye wa ɗaki ba ya kwana a titi, wani zai matsa masa gefen katifa. A yi zaman makoki na kwana uku, a yi sadakar bakwai, a dawo a yi addu'ar arba'in da rumfa da kujeru da lasifika. Masana da suka yi nazarin abin da ke taimakon mutum bayan bala'i sun daɗe suna cewa samun mutane a kusa da kai yana cikin manyan abubuwan da ke hana razana ta zama ciwo. Mu ba mu jira sun faɗa ba, haka muka tashi muka tarar.

Matsalata da rana ta arba'in da ɗaya ce. Ranar da masu haya suka zo suka kwance rumfa, suka ƙirga kujerunsu, baƙin da suka zo daga Kumasi da Tamale da Yendi suka hau mota. Ranar ce matar da ta rasa miji take fara jin shirun ɗaki, alhali da sauran wata uku a takabarta. Ranar ce mai gidan haya yake ganin ya yi kara iya kara, ya aiko a tuna masa da kuɗinsa. A makonnin farko mutum a daskare yake, ga hayaniya, ga masu shiga da fita, ba shi da sararin jin abin da ya same shi. Sai ƙafa ta ɗauke sannan abin yake sauka. Mu kuwa daidai lokacin muke ganin mun sauke nauyi. Na lissafa kwanakin bala'in Circle: arba'in ɗinsa ta faɗo ne a goman ƙarshe na azumin shekarar, kwana kaɗan kafin ƙaramar Sallah. Aka shiga hidimar ɗinki da kitso da lalle, aka yi Sallah, duniya ta ci gaba da juyawa. A tsakanin nan ma, cikin watan Yunin, hukumar birni ta shiga unguwar Old Fadama da katafila ta rushe gidaje da sunan buɗe wa ruwa hanya zuwa tafkin Korle, dubban mutane, yawancinsu 'yan arewa, suka wayi gari a fili cikin azumi da damina. Su ko zaman makoki ba su samu ba, don ba a yi wa ɗakin katako makoki.

Nan ne gizo yake saƙar. Tsarin taimakonmu gawa yake ƙirgawa. In akwai gawa, akwai uku da bakwai da arba'in, kowa ya san inda zai zauna da abin da zai ce. In dukiya ce ta tafi, jaje ne na yini guda: Allah ya mayar da alheri, a ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, a tashi. In kuwa ido ne kawai ya gani, sai barka.

Wata goggona tana sayar da gwanjo a kasuwar Kantamanto tun ina makarantar allo. A daren da ya wayi 2 ga Janairu 2025 wuta ta lashe kasuwar, dubban rumfuna suka zama toka. Ta shigo da sababbin diloli ke nan, rabi da kuɗinta, rabi bashi. Cikin 'yan makonni 'yan kasuwar suka sake kafa rumfuna da katako da kwano, aka yi ta yaba musu, kuma sun cancanci yabo. Ita ma ta koma. Amma mu da muke cin tuwo da ita mun san ba ita ce ta koma ba. Matar da take ƙirga canji a ka ba ta taɓa kuskure ba, sai ga ta tana ba mai saye fiye da abin da ya bayar. Ta daina zuwa suna da biki, ita da a da ba a raba goro sai ta iso. Da dare takan tashi sau uku sau huɗu ta shinshina ɗaki, ta taɓa soket, ta leƙa tukunyar gas. Da 'yarta ta ce, "Mma, ko mu je asibiti?" sai ta ce, "Asibitin me? Ni da ban ƙone ba? Ki bar ni, mutane za su ce ban yarda da ƙaddara ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi damuna, kuma ba goggo ce ta ƙirƙire ta ba, mu muka koya mata. Haƙuri kalma ce mai daraja, maganin zaman duniya, amma mun mayar da ita murfin tukunya. Mutum ya buɗe baki zai faɗi abin da ke cinsa, kafin ya kai ƙarshen jimla mun rufe shi: yi haƙuri, kar ka yi saɓo, wasu sun fi ka shiga uku. Sau da yawa ba don shi muke faɗa ba, don kanmu ne, saboda ba mu san yadda za mu zauna da hawayen babban mutum ba. Ni kaina na yi. A daren da maƙwabcina ya fara ba ni labarin Circle, abin da ya fara zuwa bakina shi ne "ai sai haƙuri, tun da Allah ya tsirar da kai." Na ga yadda fuskarsa ta rufe kamar an ja ƙyaure. Sai da aka yi wata biyu kafin ya sake tayar da zancen, kuma a wannan karo na kama bakina.

Abin mamaki, addinin da muke fakewa da shi bai ce haka ba. Annabi Yaƙubu, wanda ya ambaci kyakkyawan haƙuri da bakinsa, shi ne ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma Alƙur'ani bai zarge shi ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya bayyana cewa ido yana kuka, zuciya tana baƙin ciki, harshe ne dai ba ya faɗin abin da Allah ba ya so. Shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib har suna aka yi mata, shekarar baƙin ciki, shekara guda cur, ba kwana arba'in ba. Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa bayan jama'a sun watse, saboda yana sanyaya zuciya. A lura da lokacin: bayan jama'a sun watse. To daga ina muka samo cewa wanda ya kasa barci bayan ya ga mutane suna ƙonewa imaninsa ne ya yi rauni? Daga al'ada ne, daga "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba", daga tarbiyyar da ta ce namiji ba ya kuka. Karin maganar tana da wurinta, wajen riƙe sirri da kauce wa tsegumi. Amma cikin da aka cusa wa abin da ya fi ƙarfinsa, wata rana ta wata hanya zai fitar.

Yana kuwa fitarwa. Mu ba mu cika cewa "raina ne ba daɗi" ba, jiki muke kai ƙara. Kaina yana sarawa, ƙirjina ya yi nauyi, gabana yana faɗuwa, abinci ba ya shiga, jinina ya hau. A je kantin magani a sayi na ciwon kai, ba sauƙi, a ƙara da na barci. Samari su bi tramadol da sauran tarkace, mu ce yaro ya lalace, ba mai tambayar daga yaushe ya fara. Maigida ya zama mai faɗa, abu kaɗan ya daka wa yara tsawa, aure ya fara tangal-tangal, a kai ƙara wurin liman, a yi sulhu a kan kuɗin cefane alhali ciwon yana wani wuri. Yaro ɗan shekara takwas ya koma fitsarin kwance bayan ruwa ya shiga ɗakinsu da tsakar dare, a yi masa duka da waƙar tsiya. Likitoci suna da suna ga wani ɓangare na wannan, ciwon razana bayan tashin hankali, kuma alamunsa sanannu ne: abin ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya zauna kullum a ɗarare. Kakanninmu sun riga su gani, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Bambancin kawai, mu mun ɗauke shi abin dariya. Yawancin mutane irin wannan firgita tana lafa musu cikin makonni in suna da abinci da wurin kwana da 'yan'uwa. Waɗansu kuwa ba ta lafawa, ta wuce wata, ta wuce shekara, kuma su ne ba mu da wani tanadi dominsu.

Dattawan Nima da Maamobi za su tuna wata Larabar, 9 ga Mayu 2001, ranar wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a filin wasa na Ankara, da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, aka yi turmutsutsu a matakala, mutum 126 suka mutu. Unguwanninmu sun ɗauki gawawwaki da yawa a wannan mako. Kowace shekara ana tunawa da matattun, ana addu'a, kuma daidai ne. Amma akwai waɗanda suka fito daga ƙarƙashin tarin mutane da ransu, akwai wanda ya san ya taka wani kafin ya tsira. Yau sun yi furfura. Na san ɗaya da ko sallar Juma'a ba ya shiga cikin masallaci, kullum a bakin ƙofa yake shimfiɗa dardumarsa, ko ana rana ko ana ruwa. Shekara ashirin da ɗoriya, kowa ya ɗauka ra'ayinsa ne.

Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wurin malam muke nufa, kuma ba zan shiga sahun masu zagin wannan ba. Malamin kirki yana yin abin da asibiti ba ta da lokacin yi: ya zauna da kai, ya san gidanku, ya ba ka abin riƙewa da dare. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani suna kwantar da zuciyar mumini, wanda ya musa bai taɓa shiga damuwa ba ne. Inda nake da ja shi ne inda kowace firgita take zama iska, kowane rashin barci ya zama sammu, a nuna wa matar da ke fama da kanta kishiya ko maƙwabciyar rumfa a ce ita ce. Ta zo da ciwo ɗaya ta koma da biyu, ga kuɗin turare da na rago. Na ga malaman da suke cewa, "Hajiya, ga addu'a ki riƙe, amma gobe ki sa a kai ki ki ga likita, ni ma zan tambaye ki me ya ce." Irin waɗannan ba su rage komai daga malantarsu ba.

To ina gwamnati? Bayan kowace ambaliya hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NADMO, takan zo da katifu da barguna da bokitai da shinkafa, kuma wanda ya kwana a kan benci ya san darajar katifa. Sai dai abin da ake iya ɗauka a hoto shi ake rabawa. A takarda ƙasar nan ba ta baya: tun 2012 aka yi dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, doka mai lamba 846, aka kafa hukuma ta musamman a ƙarƙashinta. A 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don a da wanda ya yi yunƙurin ya tsira, kotu ce take jiransa. A ƙarshen 2024 aka sanar da shigar da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, har da ciwon damuwa, cikin inshorar lafiya ta ƙasa. Amma manyan asibitocin gwamnati na wannan fanni uku ne, na Ankara wanda yake nan tun 1906, da Pantang, da Ankaful kusa da Cape Coast, dukkansu a kudu. Mu na Ankara biyu suna kusa da mu, amma kusancin bai amfane mu ba, domin sunan Pantang a bakin yaranmu zagi ne. Ka ce wa dattijuwa za a kai ta can, ka gama da ita, ka kuma gama da auren jikokinta, don gobe za a ce gidan akwai taɓin hankali. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne akwai nas-nas na wannan fanni a asibitocin gunduma da na unguwa, inda za ka shiga ta ƙofar da mai zazzaɓi yake shiga, ba wanda zai san wurin wa ka zo. Suna nan, mu muna nan, ba wanda ya haɗa mu.

Akwai wanda zai ce mini, Malam, wannan duk zancen masu ƙoshi ne. Matar da jarinta ya ƙone, ba mai sauraro take nema ba, jari take nema. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma fiye da rabinta gaskiya ne. Na ga yadda fuskar goggo ta sauya ranar da wanda ya ba ta kaya bashi ya aiko cewa ya ɗaga mata ƙafa har shekara, ya kuma yafe wani abu. Daren nan ta yi barcin da ƙwaya ba ta ba ta ba. Bashi da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara su ne itacen da ke rura damuwa, wanda duk ya zare ɗaya daga ciki ya yi jinya ko bai sani ba. Shi ya sa nake ganin attajiranmu da suke yanka shanu a addu'ar arba'in, da za su raba kuɗin biyu su ajiye rabi don hayar marayun a wata na shida, da ladan ya fi isa inda ake so. Amma maƙwabcina ba jari ya rasa ba. Goggo ma, bayan an ɗaga mata bashin, ba ta daina tashi shinshina ɗaki ba. Kuma yadda ake bayarwa shi ma magana ce: a tara mutanen da jiya suke ciyar da wasu, a jera su a rana, a miƙa musu buhu ana ɗaukar hoto don Facebook. Wanda ya rasa dukiya, mutuncinsa ne ya rage masa, bai kamata mu karɓe a bakin buhun shinkafa ba.

Ba kuma ina kiran a kwaso baƙi da takardun tambayoyi su zo su zaunar da mutane su ce kowa ya faɗi abin da ya gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ba ta goyon bayan a matsa wa wanda ya tsira ya amayar da labarin a zama guda, don ba a ga amfaninsa ba, wani lokaci ma fama ciwon yake yi. Abin da ta fitar a 2011 na taimakon farko ga wanda ya razana, kowace tsohuwa mai hankali za ta gane shi: ka duba halin da mutum yake ciki, ka saurare shi in ya so magana ba tare da ka tsananta ba, ka haɗa shi da abin da yake bukata. A Harare ta Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, da ya ga likitocin fannin ba za su taɓa isa ba, sai ya koyar da tsofaffin mata, ya ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, masu damuwa suna zuwa suna zama da su. Da aka gwada tsarin a kimiyyance, sai aka ga yana aiki. Da na ji labarin sai na tuna da namu: magajiyoyi, ungozomomi, matan da suke wankan gawa, malaman makarantun dare, ladanai, shugabannin majalisun shan ataya. Waɗannan su ne suke shiga ɗakin da likita ba zai taɓa shiga ba. Abin da ya rage musu kaɗan ne, su san alamun da ke cewa abin ya wuce na zama da rarrashi, kamar mutum ya daina ci da wanka, ko ya fara cewa gara ma ya bi waɗanda suka rasu, su kuma san sunan nas ɗin da za su kira da lambarta. Masu wankan gawa kuwa da samarin da suke shiga wuta da ruwa, su ma a riƙa tambayarsu yaya suka kwana. Ba ƙarfe ba ne.

A kwamitin masallacinmu ni nake riƙe littafin gudummawa, kuma na daɗe ina kallonsa. Shafi ɗaya ne ga kowace masifa: sunayen masu bayarwa, adadi, jimla, sa hannun wanda ya karɓa, a ja layi. Na kawo shawara a ƙara shafi na biyu, inda za a rubuta gida, a rubuta mutum ɗaya da zai riƙa leƙa su har shekara ta zagayo, mace ga mata, namiji ga maza, wanda ba shi da surutu. Ba da wa'azi zai je ba. Ya je ranar da aka yi ruwan farko na damina, ya je daren Sallah, ya je ranar da abin ya cika shekara. Wani dattijo ya ce wannan ai shiga sharo ba shanu ne, zumunci ba a rubuta shi a littafi. Na ce masa, Baba, kuɗin ma da can ba a rubutawa, sai da muka ga ana mantuwa. Aka yi dariya, aka ce za a duba. Har yanzu ana dubawa. Na kuma roƙi liman ya ware huɗuba guda a farkon watan Yuni a kan wannan, ya faɗa da bakinsa a kan mumbari cewa rashin barci bayan bala'i ba raunin imani ba ne, ganin likita ba jayayya da ƙaddara ba ce. Kalma ɗaya daga liman a nan ta fi allon talla goma. Wannan kam ya yi, Allah ya saka masa, kuma bayan an sallame mutum biyu suka tsaya suka jira shi a gefe, ɗaya daga cikinsu mutumin da ban taɓa zato ba.

Ruwa dai zai sake zuwa. Babbar kwatar Nima tana nan, Odaw tana nan cike da yashi da leda, Alajo da Adabraka da Kaneshie sun san kansu duk watan Yuni, kasuwanninmu kuma har gobe wayoyin lantarki a cukurkuɗe suke a saman katako.

A daminar da ta wuce, wani dare wajen ƙarfe ɗaya, ruwa ya sauko da iska har kwano yana ƙara. Na farka, na ga hasken tocila ta ƙasan ƙofar maƙwabcina. Na ɗan yi jinkiri, don ban san me zan ce ba, sannan na ɗauki buta da ganyen shayi na ƙwanƙwasa. Ya buɗe, yana sanye da takalmi, wayarsa da takardunsa a ɗaure cikin leda. Bai tambaye ni me ya kawo ni ba. Muka hura gawayi a bakin baranda, muka yi zancen ƙwallo, muka yi gardama a kan ko Hearts za ta sake zama abin da take a da. Wajen ƙarfe uku ruwan ya tsagaita. Ya sunkuya ya kwance takalmin, ya ce, "Malam, je ka kwanta, kana da makaranta da safe."